Faɗa daban, isar da saƙo daban: fashin baƙi kan yadda maganar baka ke aiki

Wai shin in ka buɗe baki ka yi wa mutum magana, ya ji muryarka har ya gyaɗa kai, shikenan saƙo ya isa? Wannan tambayar ce ke kwance a ƙarƙashin rigingimu da yawa da ake yi kullum a gida da wurin aiki da aji da asibiti. Wannan ya rantse "wallahi na faɗa masa", wancan shi ma ya rantse "wallahi ba haka ka ce ba", kuma sau da yawa in ka bi diddigi babu maƙaryaci a cikinsu. Sannan ga wata magana da ta daɗe tana yawo a shafukan sada zumunta da wuraren horar da ma'aikata, wai kalmomi kashi 7 cikin 100 ne kawai na abin da mutum ke isarwa, sauran kashi 93 murya ce da fuska, ana karanta ta a lakca kamar wani abu da aka gama tabbatarwa. Ga kuma cece-kucen saƙon murya a WhatsApp, wasu na ganin ya fi rubutu nesa ba kusa ba, wasu kuma da sun ga saƙo mai minti 6 sai ransu ya ɓaci tun kafin su danna. Duk abu ɗaya ake zagayawa, wato yadda magana ke tashi daga zuciyar wani ta sauka a zuciyar wani, da abin da ke samunta a hanya.

Mece ce sadarwa ta baka?

A taƙaice ita ce musayar ma'ana tsakanin mutane ta hanyar furuci da sauraro. Hirar ido da ido tana ciki, kiran waya yana ciki, haka darasin malami a aji da shirin rediyo da saƙon murya. Ta girmi rubutu da nisa, domin rubutu bai fi shekara 5,000 da ɗoriya da farawa ba, a ƙasar da yanzu ake kira Iraƙi da kuma Masar, alhali tun kafin nan mutane suna ciniki da sulhu da renon 'ya'ya da baki. Har gobe yaro yana koyon magana ba tare da an kai shi makaranta ba, amma rubutu sai an zaunar da shi an koya masa.

Abin da ya bambanta ta da rubutu shi ne gudu da take yi. Mai rubutu yana iya gogewa ya sake, ya bar takarda ta kwana, ya dawo ya gyara. Mai magana kuwa yana tunani yana furtawa lokaci guda, kuma abin da ya fita ya fita, magana zarar bunu ce. Shi ma mai sauraro ba shi da damar komawa layin baya ya sake dubawa, in kalma ta wuce shi ta wuce, sai dai ya tambaya. To amma a madadin wannan rauni tana da wata baiwa da takarda ba ta da ita: wanda kake wa magana yana nan a gabanka, zai iya tsayar da kai nan take ya ce bai gane ba. A ganina wannan baiwar ita ce ginshiƙin al'amarin gaba ɗaya, kuma ita ce aka fi yin watsi da ita.

Sassan da masana suka ware, da inda aka samo su

Tun fiye da shekara 2,300 da suka wuce masanin Girka Aristotal ya ce jawabi sassa uku gare shi, mai magana da abin da ake magana a kai da wanda ake wa maganar, kuma ya ce na ukun nan shi ne ake yin jawabin dominsa. A 1948 Harold Lasswell, masanin siyasa a Amurka, ya mayar da abin tambayoyi biyar: wa ya faɗa, me ya faɗa, ta wace hanya, ga wa, kuma da wane tasiri. A wannan shekarar dai Claude Shannon, injiniya kuma masanin lissafi a ɗakunan binciken kamfanin waya na Bell, ya fitar da zanen da ya fi kowane shahara, wanda aka sake bugawa a 1949 tare da bayanin Warren Weaver. A zanen akwai tushen saƙo, akwai na'urar da ke tura shi, akwai hanya, akwai na'urar karɓa, akwai wanda aka nufa, sannan daga gefe ga hayaniya tana kutsowa cikin hanyar.

A nan ne aka samu wata 'yar tangarɗa da har yau take bin mu. Shi Shannon matsalar waya yake warwarewa, yadda siginal zai bi igiya ya fito ɗaya gefen ba tare da ya gurɓace ba, kuma shi da kansa ya rubuta cewa ma'anar saƙon ba ta cikin abin da ya dami injiniya. Amma da zanen ya shiga littattafan koyarwa sai mutane suka ɗauke shi a matsayin hoton hirar ɗan Adam, wato ni na tura, kai ka karɓa, magana ta ƙare. Mai cewa "ai na faɗa masa" wannan hoton ne a kansa ko da bai taɓa jin sunan Shannon ba.

Wilbur Schramm a 1954 ya ƙara abu biyu da suka gyara hoton sosai. Na farko martani, wato abin da ke dawowa daga mai sauraro. Na biyu kuma ya ce saƙo ba ya wucewa sai ta inda sanin mutanen biyu ya haɗu, in rayuwarku da iliminku ba su taɓa juna a ko'ina ba to kalmomin za su isa kunne amma ma'ana ba za ta biyo su ba. Daga baya a 1970 Dean Barnlund ya ce ai ma ba bi da bi ake yi ba, kowa yana aikawa yana karɓa a lokaci guda, kana magana fuskar abokin hirarka tana ba ka amsa tun ba ka kai aya ba.

In aka tattara, sassan su ne: mai magana wanda ke ƙulla abin da ke ransa cikin kalmomi da murya, saƙon kansa, hanyar da ya bi ko iska ce tsakanin baki da kunne ko waya ko rediyo, mai sauraro wanda ke warware ƙullin da nasa sanin, hayaniya wato duk wani cikas, martani, sai kuma yanayin da ake maganar a ciki, wane wuri ne, wane lokaci, mece ce alaƙar mutanen. Haddace su ba wuya, ɗalibai na yi don jarrabawa. Inda gizo ke saƙar shi ne a cikin uku daga cikinsu.

Mai magana yana jin abin da babu mai ji sai shi

A 1990 wata ɗalibar digirin digirgir a jami'ar Stanford mai suna Elizabeth Newton ta yi wani gwaji mai sauƙi. Ta raba mutane gida biyu, wasu za su zaɓi waƙar da kowa ya sani su ƙwanƙwasa kiɗanta da yatsa a kan tebur, wasu kuma su saurara su faɗi ko wace waƙa ce. Kafin a fara an tambayi masu ƙwanƙwasawar, suka ce suna ganin za a gane kusan rabi. Da aka yi, cikin waƙoƙi 120 guda 3 kacal aka gane.

Dalilin a fili yake in ka tsaya ka yi tunani. Mai ƙwanƙwasawa yana jin waƙar gaba ɗaya a cikin kansa, da muryar da amshin da komai, shi kuwa mai sauraro ƙwas ƙwas ƙwas kawai yake ji a katako. Haka muke duk lokacin da muke bayani kan abin da muka sani sosai. Shugaba a ofis ya ce wa sabon ma'aikaci "ka gyara min rahoton nan kafin taro", a kansa ya san wane rahoto, wane irin gyara, wane taro, ƙarfe nawa, domin mako guda ke nan yana juya abin a ransa, shi kuma yaron jiya ya fara aiki, ya ce "to ranka ya daɗe" ya fita yana ta lissafin ko kuskuren rubutu ake nufi ko alƙaluma ko tsarin shafi. Kalmomin sun isa lafiya lau, babu ɗaya da ta faɗi a hanya. Abin da bai isa ba shi ne duk abin da shugaban ya ɗauka cewa ba sai an faɗa ba. Kuma iya zurfin saninka a kan abu iya yadda kake mantawa da yadda rashin saninsa yake, shi ya sa wani lokaci ƙwararre ya fi kowa kasa koyar da ɗan koyo.

Mai sauraro ba zaune yake kawai ba

Mutane na ɗaukar sauraro kamar hutu ne, kai dai ka yi shiru maganar ta shiga. Bincike ya nuna akasin haka. A 2009 Tanya Stivers da abokan aikinta sun auna hirarrakin yau da kullum a harsuna 10 daga sassan duniya daban-daban, suka ga tazarar da ke tsakanin ƙarshen tambaya da farkon amsa a matsakaici kusan milisakan 200 ce, wato kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Alhali gwaje-gwajen da aka yi kan furuci sun nuna cewa shirya kalma guda kafin a furta ta yana cin kusan milisakan 600. Ka ga lissafin bai fita ba sai in mai sauraro ya fara shirya amsarsa tun kana tsakiyar maganarka, yana hasashen inda za ka dosa. Wannan baiwa ce babba, ita ta sa hira ke tafiya sumul, amma kuma ita ce ta sa wutsiyar magana ta fi saurin ɓacewa. Ka ce "ka je ka karɓo, amma fa sai in ya kira ka", shi tun daga "karɓo" hankalinsa ya tafi wurin amsa, sharaɗin da ke ƙarshe bai same shi a gida ba.

Akwai kuma wani binciken da nake ganin ya kamata duk mai aure da duk malami ya sani. A 2000 Janet Bavelas da abokan aikinta a Kanada sun sa mutane su ba da labarin wani hatsari da suka tsallake rijiya da baya, sai aka ba wasu daga cikin masu sauraron wani aiki a ɓoye da zai ɗauke musu hankali, kamar ƙirga kalmomin da suka fara da wani harafi. Suna kallon mai labarin, suna ɗan gyaɗa kai, amma babu zare ido a inda ya dace, babu yamutsa fuska a wurin tashin hankali. Sakamakon shi ne masu ba da labarin suka rikice, musamman a ƙarshe, suka riƙa maimaitawa da kame-kame da yanke labarin ba daɗi. Wato rashin sauraro mai kyau yana lalata maganar tun daga bakin mai yinta. Wanda ke latsa waya kana masa bayani sannan ya ce bayaninka bai fito ba, da hannunsa a ciki.

Sannan hira tana da nata makanikan. Wani bincike da Mark Dingemanse ya jagoranta a 2015 kan harsuna 12 ya gano cewa kusan duk bayan minti ɗaya da rabi sai wani ya tsayar da magana don neman gyara. Su ne irin "na'am?", "me ka ce?", "wa kake nufi?", "gobe ko jibi?". Mu muna ganinsu kamar katsalandan ko alamar rashin kaifin basira, alhali su ne ke riƙe da hirar. Duk inda aka hana su, ko don tsoro ko don kunya ko don na'urar ba ta ba da dama ba, kuskure zai wuce ba wanda ya tare shi.

Hayaniya ba ƙarar janareta kaɗai ba ce

In an ce hayaniya abin da ke fara zuwa rai shi ne ƙarar mota ko netwok mai yankewa. Wannan ita ce mafi sauƙi, domin kowa ya san tana nan, za a ɗaga murya ko a sake kira. Masu haɗarin su ne waɗanda ba a ji: yunwa da gajiya da ciwo, fushi, tsoro, zargin da ka riga ka ƙulla a kan mutum tun kafin ya buɗe baki, kalma mai harshen damo, da kuma sauri.

Babu misalin da ya tara su wuri guda kamar abin da ya faru ranar 27 ga Maris 1977 a filin jirgin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerif na ƙasar Sifaniya. Bom ya tashi a filin jirgin wani tsibiri da ke kusa, aka karkato jirage zuwa wannan ƙaramin fili, ciki har da manyan Boeing 747 guda biyu, ɗaya na kamfanin KLM ɗaya na kamfanin Pan Am. Hazo ya rufe filin, jami'in hasumiya mai ba jirage umarni ba ya ganin jiragen, su ma ba sa ganin juna, murya ta rediyo kaɗai ta rage. Jirgin KLM ya kai ƙarshen titin tashi ya juyo, na Pan Am kuma yana tafe a hankali a kan wannan titin dai yana neman inda zai ratse. Hasumiya ta karanta wa KLM hanyar da zai bi bayan ya tashi, wanda ba izinin tashi ba ne, amma kalmar tashi ta fito a cikin bayanin. Mataimakin matuƙi ya maimaita, ya ƙara da wata jimla mai harshen damo da za a iya fahimta a matsayin muna wurin tashi ko kuma mun fara tashi. Jami'in hasumiya ya amsa da kalmar nan ta "to", sannan ya ce su dakata zai kira su. A daidai wannan daƙiƙar matuƙan Pan Am suka danna rediyo suna cewa har yanzu fa muna kan titi. Muryoyin biyu suka ci karo, abin da ya fito a ɗakin matuƙan KLM wani ƙara ne mai tsini, "to" ɗin ce kawai ta fita sarai.

Sauran dama ɗaya ta rage. Injiniyan jirgin KLM ya ji wani abu a rediyo da bai kwanta masa ba, ya tambaya ko jirgin Pan Am bai bar titin ba tukuna. Kyaftin ɗin, wanda yake babban mai horar da matuƙa a kamfanin, ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, injiniyan bai sake magana ba. Jirgin KLM, wanda ya riga ya fara gudun tashi, ya yi karo da na Pan Am a kan titin. Mutum 583 suka mutu, kuma har yau shi ne hatsarin jirgin sama mafi muni a tarihi.

Dubi yadda sassan suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Hanya ta toshe, kalma ta ɗauki ma'ana biyu, gaggawa ta sa kunne ya ji abin da yake son ji, martani ya zo amma girman muƙami ya danne shi. Gyaran da aka yi bayan nan ma duk a kan waɗannan sassan ne: aka ƙara tsaurara amfani da tsayayyun kalmomi, aka keɓe kalmar tashi ba a furta ta sai lokacin ba da izini ko soke shi, ba a yarda da amsa irin ta "to" a kan muhimmin umarni sai an maimaita shi, sannan aka fara horar da ma'aikatan jirgi yadda ƙarami zai ja hankalin babba kuma babba ya saurara.

Batun kashi 7 da kashi 93

Yanzu mu dawo kan alƙaluman nan da ake yawo da su. Asalinsu daga Albert Mehrabian ne na jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, a wasu ƙananan gwaje-gwaje biyu da aka buga a 1967. Ba hira aka nazarta ba, ba jawabi ba. Kalma ɗaya tak ake furtawa da murya iri-iri, ta so da ta ƙi da ta tsaka-tsaki, a ɗaya gwajin kuma a haɗa da hoton fuska, sai a tambayi mutane ko mai maganar yana son wanda yake wa magana ko ba ya so. Daga haɗa sakamakon ne aka samu kashi 7 na kalma, 38 na murya, 55 na fuska. Shi kansa Mehrabian ya yi ta gargaɗin cewa lissafin bai shafi komai ba sai inda mutum ke magana kan abin da yake ji a ransa, musamman in kalma da murya suka saɓa.

Ai ko ba a kawo bincike ba hankali zai gaya maka. In da gaske kalmomi kashi 7 ne, da sai ka kalli labarai cikin harshen da ba ka ji ka fahimci kashi 93, da kuma ba wanda zai iya kwatanta maka hanya ta waya. Abin da ke gaskiya a ciki shi ne wanda aka daɗe da sani, labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda ya ce "ba komai" yana haɗe rai, fuskar za ka gaskata. Amma adadin maganin da za a sha da ranar da za a dawo da sharaɗin yarjejeniya, waɗannan ba murmushin da zai isar da su. Abin da ke damuna da wannan ƙididdigar shi ne tana koya wa matasa su kashe ƙarfinsu kan tsayuwa da motsa hannu da kallon ido, su bar tsara abin da za su faɗa, sai ka ga mutum ya yi minti goma yana burgewa an tashi ba wanda ya san me ake so ya yi.

Saƙon murya: ina ya faɗa?

A 2022 kamfanin WhatsApp ya ce ana tura saƙon murya kusan biliyan 7 a kullum. Masu sonsa suna da hujja mai ƙarfi. Ga wanda bai iya karatu ba, ko idonsa ya yi rauni, ko harshensa ba shi da daɗin bugawa a allon waya, saƙon murya ya buɗe masa ƙofar da rubutu ya rufe, kuma murya tana ɗauke da tausayi da wasa da damuwa waɗanda rubutu ke zubarwa, shi ya sa ta'aziyya ko ban haƙuri da murya ya fi shiga rai. Masu ƙinsa su ma ba su yi ƙarya ba, ba ka iya leƙa shi ka tsinci abin da kake nema, ba ka iya saurara cikin mutane, lamba ko adireshi in suna ciki sai ka yi ta ja da baya, kuma sauƙin da mai turawa ya samu mai karɓa ne ke biya da lokacinsa.

In ka ɗora shi a kan sassan da muka lissafa za ka ga inda matsalar take. Saƙon murya ya ɗauki murya daga maganar baka amma ya bar martani a baya. Ba mai ce maka "dakata, wa kake nufi?", ba fuskar da za ta nuna maka ka fara zagaye, shi ya sa abin da zai ƙare a minti ɗaya a kira yake zama minti biyar. Kuma ya ɗauki dawwama daga rubutu ba tare da damar gogewa da tsarawa ba. Fushin da da a baki ne zai bi iska, yanzu yana nan a ajiye ana sake kunna shi ana tura wa wasu.

Turawar nan ma wani babin ne. Da zarar saƙo ya bar wayar wanda aka yi wa shi, ya rabu da yanayinsa, ba a san wa ya yi ba, yaushe, a ina, yana amsa wace tambaya. Tun a 1947 Gordon Allport da Leo Postman suka nuna cewa labari in yana bin baki zuwa baki yana gajarcewa, wasu 'yan abubuwa su kumbura, sauran kuma su lanƙwasa su dace da abin da mutane suka riga suka yi imani da shi. Yanzu abin ya ƙaru da cewa akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun rikodin, har 'yan damfara sun fara amfani da su. Jin murya da ka sani ya daina zama shaida cewa mai ita ne ya yi maganar, in saƙo ya zo yana neman kuɗi da gaggawa, kiran mutumin a lambar da ka sani da yi masa tambaya shi ne dawo da martanin da aka cire.

To wa ke da alhakin a fahimta?

Nan ma ra'ayi biyu ne. Wasu na cewa nauyin na mai magana ne, tunda shi ke da abin faɗa shi zai tabbatar ya fito. Wasu na cewa na mai sauraro ne, in ba ka gane ba me ya hana ka tambaya. Ni ina ganin duka biyun suna da rabo, amma rabon ba daidai yake ba, ya danganta da wanda ya fi ƙarfi a wurin. Tambaya tana da tsada ga na ƙasa. Ɗalibi na tsoron a yi masa dariya, ƙaramin ma'aikaci na tsoron a ce bai iya aiki ba, mara lafiya na ganin layi a bayansa da likita yana duba agogo.

Ɗauki ɗakin likita. Uwa ta kawo yaro da zazzaɓi, ba ta yi barci ba, hankalinta rabi yana kan numfashin yaron. Likita yana rubutu yana cewa "Malama, wannan za ki ba shi sau uku a rana har kwana biyar, wannan kuma sai in jikin ya yi zafi, kar ki haɗa shi da wancan da kike ba shi a gida, in kin ga ya daina shan ruwa ki dawo da shi nan take, kin gane?" Ta ce "na gane likita, na gode." Umarni huɗu a numfashi ɗaya, ga mai gajiya da tsoro. Wani nazari da Roy Kessels ya wallafa a 2003 ya ce marasa lafiya na mance tsakanin kashi 40 zuwa 80 na bayanin da aka yi musu nan take, kuma kusan rabin abin da suka riƙe ma ba daidai suka riƙe shi ba. "Na gane" ɗin da ta faɗa ladabi ne da neman a sallame ta, ba ta auna komai ba, kuma tambayar "kin gane?" dama ba ta da wata amsar da mutum zai iya bayarwa ba tare da jin kunya ba.

Shi ya sa a fannin lafiya ake koyar da wata dabara mai kama da ta matuƙan jirgi, a sa mutum ya maimaita da bakinsa. Kuma yadda ake neman hakan yana da muhimmanci, likita ya ɗora abin a kansa, ya ce "Malama, ina so in tabbatar na yi bayanin yadda ya kamata, in kin koma gida yaya za ki ba shi wannan?" A nan ne za a ji ta ce duka biyun sau uku a rana, a gyara cikin daƙiƙa ashirin tun magani bai shiga bakin yaro ba. Malami zai iya yin haka da ɗalibi, mai gida da ɗan aike, injiniya da leburan da zai haƙa tushe. Ƙorafin da ake yi shi ne ba lokaci, layi ya yi tsawo, kuma gaskiya ne a wurare da yawa likita ɗaya ne ke ganin mutane fiye da ƙima. Sai dai uwar da ta tafi da bayani a karkace za ta dawo layin nan bayan kwana biyu da yaron da jikinsa ya ƙara tsanani, kuma ganinta na biyu zai ci lokacin da ya ninka wanda aka yi tsimi a na farko.